Idan Ana Ƙin Ka Saboda Yesu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa a taron matasa, a zumuntar mata, da kuma bakin waɗanda kan tsaya bayan an tashi sujada su ce, "Baba, ina da magana." Masu yin su Kiristoci ne na Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Wasu a gidan masu bi aka haife su, wasu kuma su kaɗai ne masu bi a duk danginsu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, tsanani yana da hanya biyu ta cin mutum: ko ya sa ka yi musun Ubangijinka, ko ya cika maka zuciya da ƙiyayya. Yawancinmu ta farko kawai muke tsoro.

Duk wahalar da ta same ni ina Kirista, tsanani ce?

A'a, ɗan'uwa. Manzo Bitrus ya raba abin gida biyu a 1 Bitrus 4:15-16. Akwai mai shan wuya domin ya yi kisa, ko sata, ko mugunta, ko shisshigi cikin sha'anin mutane. Akwai kuma mai shan wuya domin shi Kirista ne, kuma wannan ne kaɗai aka ce kada ya ji kunya. Ma'aikacin da ke isa ofis ƙarfe sha ɗaya har aka ba shi takardar gargaɗi, ba bangaskiyarsa aka taɓa ba. Majami'ar da ta juya lasifika ga gidajen mutane har ƙarfe biyun dare, maƙwabta suka kai ƙara, ita ma ta fara bincikar kanta.

Amma tsanani na gaske yana nan, kuma galibinsa ba ya shiga labarai. Yaro ne da aka daina ci da shi a kwano ɗaya. Mace ce da aka raba da 'ya'yanta. Gona ce ta gado da aka hana mutum, ko ƙarin girma da ke tsallake shi shekara da shekaru saboda sunansa, ko takardar filin majami'a da ta kwanta a ofis ba ranar fitowa. Sama da wannan akwai ƙone-ƙone da garkuwa da kisa, waɗanda mutanen Borno, Adamawa, Yobe, Filato da Kudancin Kaduna suka sani ba a littafi ba.

Idan Allah yana tare da mu, me ya sa yake barin haka? Ko bangaskiyarmu ce ta gaza?

Wannan tambaya tana ƙara zafi ne saboda irin wa'azin da ya yaɗu, wanda ke cewa mai bangaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, harsashi ba ya kama shi. Yesu bai faɗi haka ba. A Yahaya 15:18-20 ya gaya wa almajiransa cewa duniya ta riga ta ƙi shi kafin ta ƙi su, kuma bawa bai fi ubangidansa ba. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa duk mai son zaman ibada cikin Almasihu Yesu zai sha tsanani (2 Timoti 3:12).

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. A farkonta sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. A cikin wannan sura dai, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ikilisiya ɗaya ce, Allah ɗaya ne, kuma babu inda aka ce Yakubu ya gaza Bitrus bangaskiya. Shadrak, Meshak da Abednego ma sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba (Daniyel 3:17-18).

Mun ji irin wannan magana a zamaninmu. A farkon Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, fasto a Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) kuma shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na ƙaramar hukumar Michika a jihar Adamawa. A bidiyon da suka fitar, ya nemi a yi ƙoƙarin sakinsa, ya ce da yardar Allah zai sake ganin matarsa da 'ya'yansa, in kuwa hakan bai yiwu ba, to nufin Allah ne. Ya roƙi mutanensa kada su yi kuka, su gode wa Allah. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Duk wanda zai ce bangaskiyar wannan bawan Allah ce ta gaza, bai san abin da yake faɗa ba.

To mene ne gabagaɗi? Sai na tsaya a kasuwa ina ɗaga murya ne?

Bayan da majalisar Yahudawa ta yi wa Bitrus da Yahaya kashedi, masu bi suka taru suka yi addu'a. Abin da suka roƙa a Ayyukan Manzanni 4:29 shi ne Allah ya dubi barazanar, ya ba bayinsa ikon faɗin maganarsa gabagaɗi. Ba su roƙi a hallaka masu kashedin ba. Gabagaɗi shi ne ka faɗi gaskiyar abin da ka gaskata a lokacin da faɗinta zai iya jawo maka asara.

Akwai aya guda da nake so kowane matashi ya haddace. Bulus ya yi fiye da shekara biyu a Afisa yana wa'azi, har cinikin maƙeran gumakan Artimas ya fara faɗuwa, gari ya hargitse. Da magatakardan birnin ya tashi kwantar da tarzoma, sai ya shaida cewa mutanen nan ba su yi sata a haikali ba, ba su kuma zagi allahiyarsu ba (Ayyukan Manzanni 19:37). Mutumin da ba mai bi ba ne ya ba da wannan shaida. Bulus ya girgiza birni guda ba tare da zagin abin bautar kowa ba. Bitrus ma ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16).

Saboda haka gabagaɗi a wurin ɗalibi shi ne kada ya sauya sunansa a makaranta don a karɓe shi. A wurin ma'aikaciya shi ne ta ƙi sa hannu a takardar ƙarya ko da za a mai da ita ƙauye. A wurin ɗan kasuwa shi ne mudunsa ya cika, in an tambaye shi dalili ya faɗa. Wani lokaci kuma kalma ɗaya ce tak. A 19 ga Fabrairun 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi a jihar Yobe. Bayan wata guda aka dawo da waɗanda suka rayu, ban da Leah Sharibu mai shekara 14. Abokan karatunta da aka sako ne suka ba da labari cewa an ce ta bar addininta a sake ta, ta ƙi. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba, ba ta zagi kowa ba.

Game da Facebook da WhatsApp kuwa, ina roƙon matasanmu. Babu abin da zai halatta wa taron jama'a su kashe mutum saboda magana, kuma kisan da taron jama'a ya yi wa ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022 bisa zargin ɓatanci zalunci ne wanda Majalisar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da shi. Duk da haka, ɗana, ba a kira ka ga gardamar zage-zage ba. Ka yi maganar Yesu iya son ranka, ka bar abin da maƙwabcinka ke girmamawa.

Ina jin tsoro ƙwarai. Zunubi ne?

Ba zunubi ba ne. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa ya zo musu da rauni da tsoro da rawar jiki (1 Korantiyawa 2:3), ya kuma ce a Asiya sun sha wuya har suka fid da rai (2 Korantiyawa 1:8). Ubangiji kansa ya yi baƙin ciki matuƙa a Getsamani. Ka kai tsoronka gaban Allah yadda yake, Zabura 13 da 56 za su ba ka kalmomi in naka sun ƙare. In kuma ka ga abin da ya hana ka barci wata da watanni, kana firgita da ƙarar babur, ka je asibiti ka kuma gaya wa wani dattijo da ka amince da shi. Ciwon zuciya irin wannan yana da magani, neman maganin kuma ba rashin bangaskiya ba ne.

Gudu daga gari ba musun Yesu ba ne?

Yesu da bakinsa ya ce in an tsananta muku a wannan gari, ku gudu zuwa wani (Matiyu 10:23). A cikin kwando aka zurara Bulus ta garun Dimashƙu da dare. Da aka kashe Istifanas masu bi suka warwatsu, kuma warwatsuwar ce ta kai bishara Samariya da Antakiya.

Ikilisiyar farko ta yi tunani sosai a kan wannan. Polikaf, tsohon bishop na Simirna, wato Izmir ta ƙasar Turkiyya a yau, da aka fara nemansa wajen shekara ta 155 sai ya koma wata gona a bayan gari. Da masu kamun suka iske shi, ya sa aka ba su abinci, ya roƙi a bar shi ya yi addu'a. A gaban gwamna aka ce ya zagi Almasihu a sake shi, ya amsa cewa shekara 86 yana yi masa bauta bai taɓa cutarsa ba, ta yaya zai saɓi Sarkin da ya cece shi. A wannan labarin dai an ambaci wani mai suna Kwintus, wanda ya kai kansa da kansa yana neman a kashe shi, har ya zuga wasu. Da ya ga namun jeji sai ya karaya, ya yi hadayar da aka nema. Marubutan suka ce ba sa yaba wa masu miƙa kansu, domin bishara ba ta koyar da haka ba.

A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi. Shugabannin suka fice, suka ci gaba da aiki daga Jos, daga baya suka dawo. Ikilisiyar da aka kafa a Garkiɗa a 1923 ta kai ga cika shekara 100 a 2023. Da sun ce tsayawa a cikin gini ita ce bangaskiya, da wa zai kula da dubban 'yan gudun hijirarsu? Abu ɗaya ne kawai nake jan kunnen makiyaya a kai: kada ka fice a ɓoye ka bar tsofaffi da marasa lafiya ba tare da ka yi musu hanya ba.

Baba, iyayena sun ce ba ni ba su tun da na karɓi Yesu. Yaya zan yi da su?

'Yata, wannan ita ce mafi ciwo a duk tambayoyin nan, domin a ƙasarmu wanda ba shi da dangi ba shi da inda zai sa kansa. Ki fara da gane abin da ke zuciyarsu. Mahaifinki bai tashi da safe ya ga dama ya ƙi ki ba. A ganinsa kin kama hanyar halaka, kin kuma ja masa abin kunya a gaban abokansa da surukansa. Fushinsa a gauraye yake da tsoro da ƙauna. Gane haka ba zai sa ki janye ba, amma zai hana ki mai da shi abokin gaba.

A shekara ta 203, a birnin Kartej da ke ƙasar Tunisiya ta yau, aka kama wata matashiya mai suna Farfetuwa, mai kimanin shekara 22, tana da jariri a nono. Mahaifinta ba mai bi ba ne. Ya yi ta zuwa kurkuku yana roƙonta ta ji tausayin furfurarsa, ya sumbaci hannuwanta, ya faɗi a ƙafafunta. Ranar shari'a ya zo da jaririn. Ba ta janye ba, amma a rubutun da ta bari ta ce da aka doki tsohon a gaban kotu, ta ji kamar ita aka doka. Ta riƙe Almasihu, ta kuma ci gaba da ƙaunar ubanta har ranar da aka kashe ta tare da wata mai bi mai suna Filisita da sauran 'yan'uwa.

Dokar girmama uwa da uba ba ta faɗi ba don sun kore ki. Ki ci gaba da aika gaisuwa ko ba a amsa. In kin sami abin hannu, ki aika ta hannun gwaggo ko kawun da bai rufe ƙofa ba, kusan kowane gida akwai irinsu. In an yi rasuwa ki yi ta'aziyya, in zuwa yana da haɗari ki yi ta waya. Kada ki yarda kowa ya tsayar da ke a gaban taro ki ba da shaida ta hanyar tona asirin gidanku ko aibata iyayenki, ko da za a yi miki tafi. In kuwa akwai barazana ga ranki, ko ana shirin ɗaura miki aure dole, ki bar wurin tukuna, sulhu ya biyo baya. Na ga gidajen da suka sauko bayan shekaru, galibi ta dalilin jinya ko haihuwa. Akwai kuma waɗanda ba su sauko ba, ba zan ɓoye miki ba.

Na gaskata amma ban gaya wa kowa ba. Ni munafuki ne?

Yusufu mutumin Arimatiya almajiri ne a ɓoye saboda tsoro (Yahaya 19:38), Nikodimu kuma da dare ya fara zuwa. Amma ranar da manzanni suka watse, su biyun ne suka fito suka ɗauki jikin Yesu. Yin shiru har ka ƙarfafa, ka sami sana'a da wurin zama, hikima ce. Inda iyakar take shi ne ranar da aka dube ka aka tambaye ka kai tsaye, domin Matiyu 10:32-33 bai bar wata kafa ba. Kafin wannan rana, ka nemi ko mutum ɗaya mai bi da za ku riƙa karatu da addu'a tare. Kuma kada wani mai bishara ya gaggauta maka baftisma a bainar jama'a don ya samu abin rubutawa a rahoto, alhali kai ne za ka kwana a gidan.

Suna kashe mu. Sai mu naɗe hannu? Ba za mu rama ba?

Ba na amsa wannan da sauƙin baki, domin masu yin ta sun binne 'yan'uwansu. Masu bi na gaskiya sun sha bamban a kan kare kai. EYN da ikilisiyoyi irinta suna koyar da cewa Kirista ba ya ɗaukar makami ko kaɗan, suna dogara ga maganar Yesu ga Bitrus cewa ya mai da takobinsa kube (Matiyu 26:52). Wasu kuma suna duban Nehemiya sura 4, inda aka yi addu'a aka kuma sa masu gadi, suna cewa magidanci yana da hakkin tare ƙofarsa in an zo kashe iyalinsa. Dokar ƙasa ma ta yarda da kare kai.

Amma babu saɓani ko kaɗan a kan ramuwa. Romawa 12:19 ta hana ta ƙarara. Tare wanda ya zo da makami daban, tare hanya a fito da matafiyi daga mota a kashe shi saboda sunansa ko rigarsa daban. Na biyun kisan kai ne, ko an yi addu'a kafin a fita.

Mu tuna da Yelwan Shendam a jihar Filato. A Fabrairun 2004 aka kashe Kiristoci da dama, wasu a cikin majami'a. A farkon Mayu masu ɗauke da makamai daga ɓangaren Kirista suka afka wa garin suka kashe ɗaruruwan Musulmi, har da mata da yara. Bayan kwanaki kaɗan tarzoma ta ɓarke a Kano, aka kashe Kiristocin da ba su taɓa taka Yelwa ba. Shugaba Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci a Filato a wannan watan. Wanda ya rama a Yelwa shi ya sa wuƙa a wuyan ɗan'uwansa na Kano. Dole mu faɗi wannan a majami'unmu, domin in muna lissafa abin da aka yi mana kawai, 'ya'yanmu za su tashi suna ganin hannunmu bai taɓa ɓaci ba.

Abin da ya kamata shi ne gadi na haɗin gwiwa da sanin hukuma, sanar da jami'an tsaro da wuri kuma a rubuce, kwashe yara da tsofaffi in an ga alama, da kuma riƙe zumunci da masu unguwa da limamai tun kafin rana ta ɓaci.

Kai ƙara kotu ko neman hakki ya saɓa wa juya ɗaya kuncin?

Bai saɓa ba. Bulus, da aka doke shi a Filibi ba shari'a, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37). A Urushalima ya ambaci 'yancinsa na ɗan Roma, daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi da yaɗa shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda addini, sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Ka adana takardu, ka rubuta rana da wuri da shaidu, ka nemi lauya ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa. Hakkin da ka nema yau yana buɗe hanya ga wanda ba shi da bakin nema.

Yaya zan zauna da maƙwabtana Musulmi bayan duk abin da ya faru?

Ka zauna da su a matsayin maƙwabta, domin su ne. Waɗanda suka sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, akasarinsu 'ya'yan EYN, irinsu ne suka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban wannan shekara suka kashe masallata fiye da 100. A Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, tsoho mai shekara 80 da ɗoriya, ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. A Nijar, bayan ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, Shugaba Mahamadou Issoufou ya fito ya ce masu wannan aiki ba su fahimci Musulunci ba. Idan ka ce dukansu ɗaya ne, ka yi wa wannan liman ƙarya, kuma Kirista ba ya shaidar zur ko a kan wanda ya ƙi shi. Ka kai gaisuwar Sallah, ka karɓi naman layya in lamirinka ya yarda, ka aika musu abincin Kirsimeti, ka je jana'iza.

Ana ce mini Bahaushe ba ya zama Kirista, wai na zama bare.

Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Tun a ƙarni na 19, kafin zuwan 'yan mishan, an yi wani Malam Ibrahim a Kano wanda nazarinsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai, aka kashe shi a kasuwar Kurmi. Mabiyansa, da ake kira Isawa, suka watsu har ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iske ɗan mishan Dokta Walter Miller a Zariya, aka kafa musu mazauni a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka rage suka zama cikin tushen jama'ar Kirista ta Wusasa kusa da Zariya. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Daga Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Har yau akwai Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ta Hausawa da Fulani da Barebari masu bi. Kada ka jefar da harshenka da rigarka da kunyarka don ka shiga ikilisiya, kuma kada ikilisiya ta nemi haka daga gare ka.

Wanda ya yi musu a bakin bindiga, yana da sauran hanya?

Yana da ita. A shekara ta 250 sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Kiristoci masu yawa suka yi, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da wutar ta lafa, wani ɓangare ƙarƙashin Nobatiyan ya ce ba za a sake karɓarsu ba. Bishop Sifiriyan na Kartej da majalisar da ta zauna a 251 suka ce za a karɓe su bayan tuba, ana duba halin kowa. Sifiriyan ɗin kansa an sare masa kai a 258, don haka ba mai sassauci ne ya yanke wannan hukunci ba. Tushensa kuwa Bitrus ne, wanda ya yi musu sau uku, Ubangiji ya maido shi ya kuma damƙa masa tumakinsa (Yahaya 21).

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mata da 'yan mata sun dawo daga daji, wasu da goyo, wasu an tilasta musu furta abin da ba ya zuciyarsu. Jama'ar da ke nuna su da baki, ko ta sa wa yaran suna, tana ƙarasa aikin waɗanda suka sace su ne. Wanda bai kwana a wurin ba ya yi hattara da bakinsa.

An kashe mijina. Fasto ya ce in gafarta. Ta yaya?

Mama, sannu. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Babu wanda ke da ikon sa miki rana. Gafara ba ta nufin abin da aka yi ba komai ba ne, ba ta kuma hana a hukunta mai laifi. A Wahayin Yahaya 6:10 waɗanda aka kashe ma suna kuka suna tambaya har yaushe. Abin da gafara ke nufi shi ne ki miƙa shari'ar ga Allah, ki ƙi renon 'ya'yanki a kan ramuwa. Sau da yawa tana farawa da addu'ar da ba ta wuce "Ubangiji, ban iya ba, ka taimake ni" ba.

Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 a Kaduna, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sulhu, amma Wuye ya sha faɗa cewa ya yi shekaru suna aiki tare zuciyarsa ba ta saki ba. Su ne daga baya suka shiga tsakani a Yelwan Shendam. In mutum irin wannan ya ɗauki shekaru, kada ki zargi kanki don wata shida.

Mu da muke zaune lafiya, mene ne namu? In wanda aka kora ya ƙwanƙwasa ƙofarmu fa?

A Markus 10:29-30 Yesu ya yi alkawari cewa wanda ya bar gida ko 'yan'uwa ko uwa ko gonaki saboda shi zai sami ninki ɗari tun a wannan zamani, tare da tsanani. Waɗannan gidaje da uwaye ba daga sama za su faɗo ba. Gidajenmu ne, matanmu ne uwayen. Ibraniyawa 13:3 ta ce mu tuna da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure mu. Abin baƙin ciki ne a ga sabon mai bi an yi masa tafi ranar Lahadi, ranar Litinin ba shi da wurin kwana, in ya nemi aure a ce ba a san asalinsa ba.

Idan ya zo, a ba shi abinci da wurin kwana kafin a fara yi masa tambayoyi. Kada a ɗauki hotonsa, kada a sa labarinsa a intanet, kada a sanar a bagade. Dattawa biyu ko uku kawai su sani. In mace ce, gidan dattijuwa ko iyali masu mutunci za a kai ta, ba ɗakin saurayi ko ofishin fasto ba. In yaro ne ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba, kada ikilisiya ta ɓoye su da kanta, a nemi lauya da jami'an jin daɗin jama'a tun ranar farko, domin doka ta ba iyaye hakki, kuma kuskure a nan yana iya tayar da gari. Bayan makon farko sai a duba abin da zai rayu da shi: kuɗin makaranta, koyon ɗinki ko kanikanci, jari, ko gonar aro. Kowace majami'a ta ware wani kaso na baikonta don wannan da kuma gwauraye da marayun waɗanda aka kashe, a sa amintattu biyu su riƙe, su riƙa ba dattawa lissafi duk wata uku.